Yadda Hoton Jabu Ya Shiga Wayoyin Mutane Ba Sallama

Ran 10 ga watan Fabrairu na shekarar 2021 hukumomin ƙasar Saudiyya suka sallami Lujain al-Hathlul daga kurkuku, bayan ta yi kusan shekara uku a tsare. Ita dai tana cikin matan da suka yi fafutikar a bar mata su tuƙa mota a wannan ƙasa. Ba ta daɗe da komawa gida ba sai ga saƙo daga kamfanin Google, yana yi mata gargaɗi cewa waɗansu masu kutse da ke da ɗaurin gindin wata gwamnati sun yi ƙoƙarin shiga akwatin wasiƙunta na intanet. Ganin haka sai hankalinta ya koma kan wayarta ƙirar iPhone, ta roƙi wata cibiyar bincike mai suna Citizen Lab, wadda ke Jami'ar Toronto a ƙasar Kanada, ta duba mata ita.

A cikin watan Maris masu binciken suka tabbatar da cewa lalle an dasa wa wayar Pegasus, watau manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO Group na ƙasar Isra'ila. Duk wayar da Pegasus ta shiga, wanda ya aiko ta yana iya karanta saƙonnin da ke ciki, ya kwashe hotuna, ya kuma kunna makirufo da kyamara mai wayar bai sani ba. Kamfanin NSO ya sha faɗi cewa hukumomin gwamnati kaɗai yake sayar wa, domin yaƙi da 'yan ta'adda da manyan masu laifi. To, amma abin da ya ɗaure wa masu binciken kai shi ne ƙofar da aka bi aka shiga. A da, akan aiko wa mutum saƙo mai ɗauke da wani adireshi, sai ya latsa sa'an nan a kama shi. Wannan karon kuwa babu alamar an latsa kome.

Wata shida wani mai bincike a cibiyar, Bill Marczak, ya yi yana tonon bayanan wayar kafin ya ci karo da waɗansu fayiloli da sunansu ya ƙare da ".gif", irin sunan da akan ba ƙananan hotunan nan masu motsi da mutane ke aika wa juna don raha. Da aka buɗe cikinsu sai aka tarar ko ɗaya ba hoton GIF ba ne. Guda 27 kwafi ne na wani ɗan ƙaramin fayil na manhajar zane, huɗu kuma takardu ne irin na PDF da aka sauya wa suna. An tsara Pegasus ta riƙa share sawunta bayan ta shiga, sai wani kuskure nata ya sa ta bar waɗannan a baya. Ran 7 ga Satumba cibiyar ta miƙa su ga kamfanin Apple, ran 13 ga wata kuma Apple ya fitar da gyara. Masu binciken suka raɗa wa wannan dabara suna FORCEDENTRY, ma'ana shiga da ƙarfin tsiya, suka kuma ce an fara amfani da ita tun daga Fabrairun wannan shekara aƙalla.

Fayil Ba Ya Karanta Kansa

Mai karatu zai so ya san yadda hoto, abin da ba ya motsi ba ya numfashi, zai iya ƙwace waya daga hannun mai ita. Amsar tana cikin yadda na'ura ke buɗe fayil.

Kowane fayil, hoto ne ko bidiyo ko takarda, jerin lambobi ne kurum. Kafin ya zama abin da ido ke gani, sai wata manhaja ta bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya ta fassara su. A farkon fayil, da kuma farkon kowane sashe nasa, akwai bayanin da fayil ɗin ke bayarwa game da kansa: faɗinsa kaza, tsawonsa kaza, abin da ke tafe yawansa kaza. Da wannan bayani manhajar ke dogara ta keɓe wuri a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, watau ma'ajiyar da na'ura ke ɗora abin da take aiki a kai, sa'an nan ta zuba abin da ta karanto a wurin.

Alal misali, a ce ga mai tsaron sito an kawo masa buhu daga hannun wanda bai sani ba, a jikin buhun an rubuta mudu 10. Ya ɗauko mazubi mai cin mudu 10, ya kwance bakin buhu ya shiga juyewa, bai duba ba. Ashe mudu 100 ne a ciki. Hatsin zai cika mazubin ya malala kan abin da ke kusa. A cikin ƙwaƙwalwar na'ura kuwa, abin da ke kusa sau da yawa shi ne bayanin da ke gaya wa manhaja inda za ta nufa da abin da za ta yi nan gaba. Idan malalar ta haɗari ce, manhajar takan rikice ta mutu, mai waya ya ga ta rufe da kanta. Idan kuwa wanda ya ɗinka buhun ya san abin da yake yi, yakan auna malalar daidai yadda abin da ya zubo zai maye gurbin wancan bayani da nasa. Daga nan manhajar ta koma yi masa aiki.

Wannan shi ne abin da masana ke kira gurɓata ƙwaƙwalwar na'ura. Hatsarinsa ya fi yawa a manhajojin da ke karanta fayilolin da suka fito daga waje, domin a nan ne baƙo ke da ikon tsara kowace lamba yadda ya ga dama, manhajar kuwa dole ta karanta kafin ta san ko fayil ɗin na kirki ne.

Asalin Tsagar

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan tsohuwa ce. Yawancin manhajojin da ke fassara hotuna da bidiyo da takardu an rubuta su ne da harshen kwamfuta mai suna C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a ɗakin binciken Bell da ke Amurka wajen shekarar 1972, ko kuma da ƙaninsa C++. Harsuna ne masu sauri ƙwarai, shi ya sa aka rungume su tun zamanin da kwamfuta ba ta da ƙarfi. Sai dai ba su duba iyakar mazubi da kansu. Sun bar wa marubucin manhaja wannan nauyi, a kowane layi da ya rubuta. Idan ya manta sau ɗaya cikin layuka dubu ɗari, shi ke nan an sami kafa.

Duniya ta fara ganin illar haka a fili ran 2 ga Nuwamba, 1988, sa'ad da wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Tappan Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta a intanet. Ɗaya daga cikin hanyoyinta ita ce ta aika da saƙo mai haruffa 536 ga wata manhaja da ta tanadi wurin haruffa 512 kacal. An ƙiyasta kwamfutoci kamar 6,000 abin ya shafa, a lokacin da duka waɗanda ke kan intanet ba su wuce kimanin 60,000 ba. Shekara 33 bayan haka, irin wannan kuskure ne dai aka tarar a wayar Lujain, sai dai an ƙware wajen sarrafa shi.

Abin Da Ke Cikin Hoton

Ran 15 ga Disamba, 2021, wasu masana biyu na sashen Project Zero na kamfanin Google, Ian Beer da Samuel Groß, suka bayyana yadda FORCEDENTRY ke aiki daki-daki, suka ce yana cikin hare-hare mafi gwaninta da suka taɓa gani.

Mataki na farko suna ne. A wancan lokaci manhajar saƙonni ta iMessage, da zarar ta ga fayil mai suna ".gif", takan miƙa shi ga wani sashe don a shirya shi ya riƙa maimaita motsinsa, tun mai waya bai buɗe saƙon ba. Shi kuma wannan sashe ba ya kula da sunan. Yakan leƙa cikin fayil ya gano ainihin irinsa, ya kira manhajar da ta dace ta fassara shi. Ta haka wanda ya san lambar wayar mutum ko adireshinsa na iMessage ya sami damar tura kaya ga manhajojin fassara iri-iri fiye da 20, har da ta PDF. Apple ya riga ya gina wani shinge mai suna BlastDoor a shekarar 2020 don killace abin da ke shigowa ta iMessage, amma a lokacin wannan aiki na GIF a wajen shingen ake yin sa.

Mataki na biyu wata tsohuwar hanya ce ta matse hoton takarda, mai suna JBIG2, wadda aka tsara a ƙarshen shekarun 1990 domin injunan fotokwafi da na ɗaukar hoton takardu. Dabararta ita ce, in shafi yana da harafin "a" sau ɗari biyar, ba sai an adana ɗari biyar ba. A adana siffa ɗaya, a riƙa manna ta duk inda ake bukata. Wannan dabara ta taɓa jawo abin kunya a shekarar 2013, lokacin da wani Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa waɗansu injunan Xerox suna musanya lambobi masu kama da juna, kamar 6 da 8, a takardun da suka ɗauka. Tsarin PDF ya yarda a sa hoton JBIG2 a cikin takarda, don haka kowace iPhone tana ɗauke da manhajar fassara shi, ko da mai ita bai taɓa jin sunansa ba. Apple ya ɗauko wannan manhaja ne daga wata ta kyauta mai suna Xpdf.

A nan kuskuren yake. Kafin manhajar ta manna siffofi a shafi, takan ƙirga yawansu don ta san girman mazubin da za ta tanada. Ma'aunin da take ƙirga da shi yana da iyaka: ba ya wuce 4,294,967,295. In aka ƙara ɗaya a kai sai ya koma sifiri, kamar yadda mitar tsohuwar mota ke juyawa ta koma farko in lambobinta sun ƙare. Masu harin suka tsara fayil ɗin yadda zai yi ta ambaton siffofi iri ɗaya har ƙirgan ya zarce iyaka ya dawo ɗan kaɗan. Manhajar ta tanadi ƙaramin mazubi, sa'an nan ta shiga zuba abin da ya fi ƙarfinsa. An riga an shirya abin da ke maƙwabtaka da mazubin, saboda haka malalar ta faɗa kan bayanin da ke riƙe da iyakar shafin da ake zane a kai. Iyakar ta gushe. Daga nan duk abin da fayil ya ce a zana a shafi, ana iya zana shi a sauran sassan ƙwaƙwalwar da manhajar ke aiki da ita.

Kwamfuta A Cikin Takarda

Har yanzu da sauran aiki a gaban masu harin. Wayoyin zamani sukan sauya wuraren da suke ajiye abubuwa a ƙwaƙwalwa, don kada ɓarawo ya san inda zai sa hannu. Mai hari yana bukatar ya yi lissafi a cikin wayar, ya nemo abin da yake so. JBIG2 kuwa ba a yi shi don lissafi ba.

Amma yana da wani abu guda. Don gyara bambanci tsakanin siffofi masu kama, tsarin ya yarda a haɗa ɗigon baƙi da fari na wani yanki da na wani yanki ta hanyoyi 'yan kaɗan: a ce baƙi in duka biyun baƙi ne, ko in ɗaya daga ciki baƙi ne, ko in sun saɓa, ko in sun dace. Waɗannan ƙananan hukunce-hukunce su ne tubalin da ake gina kowace kwamfuta da shi. Sai masu harin suka jera umarnin zane fiye da 70,000, suka gina wata 'yar kwamfuta da su a cikin takardar, mai wuraren ajiyar lambobi, mai iya tarawa da gwada lamba da lamba. Ita ce ta binciki ƙwaƙwalwar wayar, ta share fagen mataki na gaba, har aka kai ga saukar da Pegasus. Duk wannan yana faruwa ne cikin karatu ɗaya da manhajar ta yi wa abin da ta ɗauka hoton shafi ne.

Bayan tonuwar asirin, abubuwa sun biyo baya da sauri. Ran 3 ga Nuwamba, 2021, Ma'aikatar Ciniki ta Amurka ta sa NSO cikin jerin kamfanonin da aka taƙaita sayar musu da fasahar ƙasar. Ran 23 ga watan Apple ya kai kamfanin ƙara, ko da yake ya nemi janye ta a shekarar 2024, ya kuma fara aika gargaɗi ga waɗanda yake zaton an kai wa hari. A watan Disamba kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin cewa an shiga wayoyin ma'aikatan Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka aƙalla tara, waɗanda ke aiki a Uganda ko kan al'amuran ƙasar.

Cuta Ce Ta Kowa

Kada a ɗauka matsalar ta kamfani ɗaya ce. A watan Satumba na 2004 Microsoft ya fitar da gyara ga wani kuskure da ke sa hoton JPEG da aka ƙulla da mugunta ya ƙwace kwamfuta mai Windows. Ran 27 ga Yuli, 2015, Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bayyana kurakurai a sashen Android mai suna Stagefright, wanda ke fassara bidiyo. An ƙiyasta wayoyi miliyan 950 ke da wannan rauni, kuma a waɗansu saƙon bidiyo na MMS kaɗai ya isa, ko ba a buɗe shi ba. Wannan ne ya sa Google ya fara fitar da gyaran tsaro na Android wata-wata.

A watan Satumba na 2023 kuma Citizen Lab ta sake kama Pegasus, a wayar wani ma'aikacin ƙungiyar farar hula da ke birnin Washington. Wannan karon kafar tana cikin manhajar fassara hotunan WebP, tsarin da Google ya fito da shi a 2010. Da yake manhajar ta kyauta ce, kowa ya ɗauka ya sa a kayansa, sai ga shi kuskure ɗaya ya shafi Chrome da Firefox da Edge da Android da ɗimbin manhajoji, kowa ya shiga rige-rigen yin faci.

Alƙaluma sun nuna girman abin. A shekarar 2019 Microsoft ya ce kimanin kashi 70 cikin 100 na raunin tsaron da yake gyarawa kowace shekara daga matsalar ƙwaƙwalwa suke. A 2020 masu kula da Chrome suka ba da adadi kusan iri ɗaya game da munanan kurakuransu.

Neman Magani

Hanyoyi uku masana suka fi bi. Ta farko ita ce a riga ɓarawo gano kafar, ta hanyar ɗura wa manhaja miliyoyin gurɓatattun fayiloli a ga wanda zai kashe ta. Farfesa Barton Miller na Jami'ar Wisconsin ne ya assasa wannan gwaji a 1988, shi da ɗalibansa kuma suka tarar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na manhajojin Unix da suka gwada sun faɗi. A watan Disamba na 2016 Google ya buɗe shirin OSS-Fuzz mai yi wa manhajojin kyauta wannan gwaji dare da rana, ya kuwa tono dubban kurakurai. Duk da haka na WebP ya kuɓuce masa shekaru, domin sai fayil ya bi wani tsari na musamman kafin ya kai wurin.

Ta biyu ita ce killacewa: a sa manhajar da ke karanta kayan baƙo a wani keɓaɓɓen ɗaki inda ba ta da ikon taɓa sauran wayar, ta yadda ko an ƙwace ta ba a sami kome ba. Bayan FORCEDENTRY, Apple ya mai da aikin GIF cikin BlastDoor, ya kuma rage irin fayilolin da wancan sashe ke karɓa. Killacewa takan tilasta wa mai hari ya nemo kafa biyu ko uku maimakon ɗaya, abin da ke ƙara masa wahala da tsada.

Ta uku ita ce a toshe tsagar daga tushe, a riƙa rubuta manhaja da harsunan da ke duba iyakar mazubi da kansu, irin su Rust, wanda ya fito sosai a 2015, da Swift da Go da Java. Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka ta ba da wannan shawara a Nuwamban 2022, Fadar Shugaban Amurka ta maimaita ta a Fabrairun 2024. Google ya ce tun da ya koma rubuta sababbin sassan Android da irin waɗannan harsuna, kason raunin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024. Sai dai tsofaffin manhajoji na C suna nan jibge a cikin kowace waya da kwamfuta, sake rubuta su kuwa aiki ne na shekaru.

Abin Da Ya Rage Ga Mai Waya

Gaskiya ne hari irin na FORCEDENTRY yana da tsada, kuma 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutikar kare haƙƙi da jami'an gwamnati aka fi auna da shi. Amma da zarar an fitar da gyara, kuskuren ya daina zama sirri. Masu mugun nufi sukan yi nazarin facin su gano inda ramin yake, su juya kan waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba. A nan ne abin ya shafi jama'ar ƙasar nan, inda mafi yawan wayoyi na Android ne. Gyaran da Google ya yi sai ya bi ta hannun kamfanin da ya ƙera wayar kafin ya iso, kamfanoni kuwa sukan daina aiko da gyara ga tsofaffin samfura bayan 'yan shekaru, alhali wayar tana nan tana aiki a hannun mutum na biyu ko na uku.

Saboda haka ya kamata mai waya ya karɓi sabuntawa duk sa'ad da ta zo, ko da za ta ci masa data, domin sau da yawa facin irin waɗannan ramuka ne a ciki. Yana iya duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe a cikin saitin wayarsa, in ya ga ya wuce shekara ya san inda yake tsaye, kuma in zai sayi wata ya tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin aiko da gyara. Kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye a manhajojin saƙo yana rage ƙofofin da ke buɗe ga baƙo. Wanda aikinsa ya sa ana iya farautarsa, in iPhone yake riƙe da ita, akwai tsarin kulle na musamman mai suna Lockdown Mode da Apple ya fito da shi a 2022, wanda ke hana yawancin fayilolin da ake liƙawa a saƙo shigowa, an kuma tabbatar ya tare harin WebP na 2023.

Shawarar da aka saba ba mutane ita ce kada su latsa abin da ba su sani ba, kuma har gobe shawara ce mai kyau. Lujain al-Hathlul dai ba ta latsa kome ba. Wayarta ce ta karɓi buhun ta kwance shi da kanta, kamar yadda aka gina ta ta yi, nauyin hana haka kuwa yana wuyan waɗanda suka gina ta.